Ranar da Zazzaɓin Tela Ya Sauka

Ɗakin gwaji yana can ƙarshen barandar asibitin, bayan ɗakin wanki, inda ba mai zuwa sai wanda ke riƙe da kwalba. Shekara ashirin da shida ke nan Mai Gwaji tana zaune a cikinsa, kan doguwar kujerar ƙarfe da ta ɗaure wa tsohon matashi da bandeji. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tabaraunta rataye a wuya da igiyar takalmi. Ba a shiga mata ɗaki da shayi, ba a ɗora mata jaka a kan tebur, wanda kuwa ya kawo mata jini babu suna a jikin kwalba, ko shi ne shugaban asibitin, da abinsa zai koma. Ana cewa tana da baki. Tana da shi kam, amma masu zaginta ɗin nan, ranar da 'ya'yansu suka kwanta, su ne ke lallaɓowa su ce don Allah ita za ta duba da kanta.

Ba da takarda ta shiga aikin ba. Wankin kwalabe aka ɗauke ta, shekarar da mahaifinsu mai gyaran keke ya rasu ya bar Inna da 'ya'ya shida. Ita ce babba, autan kuwa, wanda yanzu kowa ke kira Tela saboda sana'arsa, ko karatu bai fara sosai ba. Shekara goma sha takwas ne tsakaninsu. Ita ta goye shi, ita ta yi masa wanka, ita ta ja kunnensa har ya zauna gaban keken ɗinki ya koya. A tsakiyar wannan ta yi aure, auren ya yi shekara huɗu ya mutu, ta kwaso kayanta ta dawo, ba ta sake yi wa kowa bayani a kai ba. Jarrabawar zama ma'aikaciyar gwaji kuwa sau uku ta zauna. Ta faɗi, ta sake faɗuwa, a ta ukun ta ci, ta zo ta manna takardar a bango daidai inda take wanke kwalabe, don masu yi mata dariya su daina wahalar tambaya.

Akwai wani aiki da take yi wanda ba a rubuta a ko'ina cewa a yi shi ba. Idan aka kwantar da mai zazzaɓin denge, sai ta yanko kwali daga kwalin safar hannu, ta rubuta lambar gado a samansa. Safe da yamma takan je da kanta ta tsaga yatsan majinyacin, ta cika wani siririn bututun gilashi da jini daidai kan alama, ta toshe gindinsa, ta sa a injin da ke juya shi da gudu har jan jinin ya kwanta ƙasa, ruwan ya tsaya sama. Sai ta manna bututun a kwalin, kusa da na jiya, ta rubuta lambar yawan jan jinin da lokaci a ƙarƙashi. Nas-nas suna kiran abin adon Mai Gwaji. Ita ko a jikinta.

Ta fara shi ne shekara tara da suka wuce, lokacin da cutar ta fara cika musu ɗakuna. Asibitin ya saba da maleriya, kuma ƙa'idar maleriya kowa ya haddace ta: zazzaɓi ya sauka, mutum ya ci abinci, a sallame shi a ba wani gadon. Da ita aka auna denge. Mai Gwaji ce ke karɓar jinin waɗanda aka dawo da su ranga-ranga, tana karanta sunayen a jikin kwalabe, sai ta ga sunayen da ta sani ne. Jiya aka sallame su suna dariya. Jininsu ya yi kauri, da ƙyar yake hawa bututu. Abin ya tsaya mata a rai. Ta bi likitoci da tambaya har suka fara canza hanya idan sun hango ta, ta karanta duk takardar da ta faɗo hannunta, da tabarau da ƙamus, har ta gane abin daidai gwargwado. Daga nan ba ta ƙara yarda da saukar zazzaɓi ba.

Ranar Litinin aka kawo Tela, kwana uku yana zazzaɓi, yana amai, ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Ita ta ɗiga jininsa a kan 'yar farar robar gwaji mai rubutun NS1 a jiki, ta tsaya a kanta har layi biyu suka fito. Nan take ta tuna shekara biyu da suka wuce ita ta yi masa wannan gwajin, layi biyun ne kuma suka fito.

Shi kuwa gogan, da ta je ta faɗa masa, har da murmushi. "Yaya, ai ni da wannan ciwo mun san juna. Na taɓa yi, jikina ya san maganinsa."

"Da ba ku san juna ba da ya fi maka," ta ce. "Miƙo yatsa."

Ranar Laraba da safe zazzaɓi ya sauka. Tela ya tashi zaune, ya sha shayi rabin kofi, ya tsokani na gadon kusa da shi kan ɗinkin rigarsa. Matarsa, wadda shekara tara da aure har yau Amarya ake ce mata, ta zo da wankakkun kaya da takalmi a leda. Inna, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, sai hamdala take yi tana shafa kan autanta. Likitan da ya zagaya ranar sabo ne, watansa biyu a asibitin, shi kaɗai da gado arba'in, ga wasu zaune kan benci a baranda ana riƙe musu ledar ƙarin ruwa. Ya taɓa goshin Tela, ya duba takardar gwajin safiyar, ya rubuta sallama.

Mai Gwaji tana ɗakinta lokacin, tana manna bututu na biyar a kwalin gado na sha ɗaya. Ta ɗora tabarau ta duba. Litinin arba'in. Talata da safe arba'in, da yamma arba'in da ɗaya. Na asubahin yau da aka ɗebo mata arba'in da huɗu. Wanda ta ɗiba da hannunta ƙarfe tara, arba'in da bakwai. Jan yana hawa. Ta zare safar hannu ta jefa a kwando, ta ɗauki kwalin, ta fita ba ta ko rufe ƙofa ba.

Ta tarar Amarya tana warware wando. Ta karɓi wandon, ta karɓi rigar, ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta tura duka cikin ledar, ta koma ɗakin gwaji, ta kulle su a kabad ɗin sinadarai, ta zura makullin a igiyar tabaraunta. Sannan ta dawo ta zauna a gefen gadon.

"Yaya, wasa kike yi ko?" in ji Tela.

"Ka taɓa ganin ina wasa a wurin aiki?"

"Likita fa ya sallame ni. Ina da kayan mutane a shago."

"Kayan mutane ba sa rubewa. Kwanta."

Inna ta gyara zama. Ba ta kiran 'yarta ta fari da suna, Babba take ce mata, kuma idan ta ja sunan a hankali kowa a gidan ya san an taɓo ta. "Babba, yaro ya samu sauƙi. Taɓa jikinsa ki ji, sanyi ƙalau. Me kuma kike nema?"

"Sanyin nan nake tsoro, Inna."

Ta juya ga Tela, don shi take so ya ji. "Kai da ka ce kun san juna, bari ka ji irin sanin. Ciwon nan iri huɗu ne, 'yan gida ɗaya, kama suke yi amma ba ɗaya ba ne. Wancan karon ɗaya ya kama ka, jikinka ya haɗa masa masu gadi da suka san fuskarsa. Yanzu ɗan'uwansa ne ya zo. Masu gadin sun ga kama, sun riƙe shi, amma riƙon bai kai su kashe shi ba. Sai suka ja shi da hannunsu suka kai shi cikin ƙwayoyin da ya kamata su cinye shi, shi kuma ya samu ɗaki ya yi ta haihuwa. Shi ya sa na biyu ya kan fi na farko muni."

"To ai ya tafi, tunda zazzaɓi ya sauka."

"Shi yana tafiya, ɓarnarsa ce ba ta tafi ba. Yana zuba wani furotin a cikin jini, shi na gani a gwajinka ranar Litinin. Furotin ɗin yana kankare shafen da ke cikin ƙananan jijiyoyi. Jikinka kuma ya fusata, ya yi ta sakin sinadaran faɗa ba ji ba gani, su ma suna buɗe jijiyoyin. Kai tela ne, ka san yadda ɗinki ke saki, yadi lafiya lau amma zaren ya yi sako-sako. Haka jijiyoyinka suke yanzu. Ruwan jininka yana tsiyaya zuwa ciki da ƙirji, jinin yana yin kauri. Kuma ranar da zazzaɓi ya sauka yake farawa. Kwana biyu ne. Idan ka yi su a nan, za mu riƙa mayar maka da abin da ya zube. Idan ka yi su a gida, a kwance za a dawo min da kai."

Na gadon kusa ya yi tsit da dariyarsa. Amarya ta fara matsar ƙwalla. Inna kuwa ranta ya ɓaci, don a kunnenta fatan tsiya ne ake yi wa ɗanta a gabanta.

"Ki iya bakinki. Likita da kansa ya ce ya warke, ke da kike wanke kwalba ce za ki fi shi sani?"

Maganar ta soke ta, shekara ashirin da shida ba su sa ta daina jin zafin wannan kalma ba, balle daga bakin Inna. Ta haɗiye. Kafin ta ba da amsa sai ga Likita, babbar nas tana biye da shi, an riga an kai masa labarin wando.

"Malama, me ke faruwa? Ina da mutum a benci yana jiran gadon nan."

"Likita, ba ya tafiya yau."

"Wannan ba hurumin ɗakin gwaji ba ne." Bai ɗaga murya ba, gajiya ce fal a idonsa. "Na ga sakamakonsa. Arba'in da huɗu. Ga namiji baligi wannan daidai ne."

"Daidai ne ga wani namijin. Wannan da arba'in ya shigo." Ta miƙa masa kwalin.

Bai karɓa ba. "Wa ya rubuta a yi waɗannan gwaje-gwajen?"

"Ba kowa. Ni na yi."

Babbar nas ta ce, "Kin san fa za a ba ki takardar tuhuma. Kin ɗebi jini ba umarni, kin ƙwace kayan majinyaci, kin hana sallama."

"A rubuto, Sista. A haɗa da ta bara, ban amsa ta ba tukuna." Ta ƙara miƙa kwalin har ya kusa taɓa ƙirjin Likita. "Ni ban ce ka yarda da ni ba. Na san ka fi ni karatu, littafin da na yi wata shida ina tuntuɓe a cikinsa kai a mako ka gama shi. Amma takarda ɗaya aka ba ka ka gani, sauran suna cikin fayil a cakuɗe, kowace rana da likitanta. Ni kuwa tun Litinin nake kallon jinin nan. Duba kawai."

Inna ta miƙe tsaye, tana dafa ƙarfen gado. "Babba, kin tara mana mutane. Idan ni na haife ki, ki tashi ki ɗauko wa yaron nan kayansa. In kin ƙi, ban yafe ba."

Mai Gwaji ta ji maganar har tafin ƙafarta. Tun tana yarinya ba ta taɓa tsallake umarnin Inna ba, ko auren da ya mutu ma don Inna ta ce a yi ne aka yi. Hannunta ya kai kan makullin da ke wuyanta, ya tsaya a can. Tsoro ya kama ta sosai, ba ta kuma ɓoye wa kanta ba. Amma ta ga irin jinin da ba ya hawa bututu, Inna ba ta gani ba.

"Inna, ke kika haife ni, ba ni da wata uwar. Ki yi fushi da ni yau, ki ƙara gobe. Ranar Juma'a zan zo in durƙusa. Amma Auta ba ya fita daga ɗakin nan, ko da wando ko babu."

Inna ta juya mata baya. Likita kuwa, ko don ya kawo ƙarshen abin ne, ya karɓi kwalin. Ya ɗaga shi wajen taga. Bututu biyar a jere, jan kowanne ya ɗara na bayansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sunkuya ya danna cikin Tela ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, Tela ya yi 'yar ƙara ya riƙe masa hannu.

"Tun yaushe yake maka ciwo?"

"Tun asuba. Na ɗauka yunwa ce."

Likita ya zaro biro ya soke sallamar. Ya ce wa babbar nas a sa wa na benci gadon turawa a baranda, a kuma mayar wa Tela da ƙarin ruwa. Ya juya ga Mai Gwaji. "Duk awa huɗu nake so. Yanzu na rubuta." Takardar tuhumar dai ba ta fasa zuwa ba, kafin azahar aka kawo mata, ta sa ta ƙarƙashin injin juya jini don dama ƙafarsa ɗaya tana rawa.

Ƙarfe biyu na rana Tela ya daina tsokana. Ya fara juye-juye, ya ce a buɗe taga, ya ce a rufe. Yatsunsa suka yi sanyi, gumi ya tsattsafo masa a goshi, da Mai Gwaji ta zo tsaga yatsa sai da ta matsa sau uku kafin jini ya fito. Hamsin da ɗaya. Nas ta nemi bugun jini a wuyan hannunsa, da ƙyar ta same shi. Aka kira Likita a guje, aka buɗe ruwa, aka ƙara wata allurar a ɗaya hannun. Da a gida ne, a daidai wannan lokacin ana can ana cewa barci yake yi a ƙyale shi ya huta. Mai Gwaji ba ta kalli Inna ba, ba ta ce ai na faɗa ba. Ba ta da lokacin wannan, tsakanin gado da inji take ta safa da marwa. Kafin la'asar bugun ya dawo, lamba ta sauko arba'in da shida.

Inna ba ta yi mata magana ba ranar, ba ta yi mata washegari ba. Idan Mai Gwaji ta shigo, tsohuwar sai ta mayar da fuska bango tana jan carbi. Mai Gwaji takan gaishe ta, ta ji shiru, ta ce, "Madalla," kamar an amsa, ta ci gaba da aikinta. A ɗakin gwaji ne kawai take zama ta dafe kai na minti ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi ta shigo ta ga abin da ya tayar mata da hankali fiye da na jiya. Ledar ruwan da ya kamata ta kai azahar ta kusa ƙarewa, ɗigon yana zuba kamar famfo. Fatar idon Tela ta kumbura, numfashinsa ya yi sama-sama.

"Wa ya taɓa wannan?"

Amarya ta sunkuyar da kai. "Yaya, ni ce. Na ga jiya da aka buɗe shi ne ya farfaɗo. Kowa a ɗakin nan yana murɗa wa nasa idan nas ta fita, wai ya fi saurin shiga jiki. Leda biyu ke nan."

Gaskiya ta faɗa, haka masu jinya ke yi a wannan ɗaki tun ba yau ba, da kyakkyawar niyya kuma, don a ganinsu ruwa ai alheri ne. Mai Gwaji ta murɗe 'yar tayar da ke daidaita ɗigon ta rage gudun, ta aika a kira Likita. Bakinta ya cika da maganganu, duk asibitin kuma ya san abin da bakin nan ke iyawa. Ta dubi yarinyar, kwana uku tana kwana kan tabarma a ƙasan gado, idanu sun faɗa. Sai ta sassauta.

"Amarya, jijiyoyin nan yoyo suke. Abin da kika zuba fiye da ƙima ba ya tsayawa a cikinsu, ƙirjinsa yake tafiya. Gobe kuma yoyon zai tsaya, duk ruwan da ya fita zai dawo cikin jini lokaci ɗaya. Idan ya yi yawa, huhunsa ne zai sha. Ciwon nan ƙarancin ruwa yana kisa, yawansa ma yana kisa. Da awo ake bi."

Ta yanko filasta ta naɗe tayar, ta sa hannu a kai da biro. Sannan ta bi gado-gado, duk mai denge ta naɗe masa, tana yi tana faɗa da ƙarfi don masu jinya su ji: wanda ta ga filastarsa a ɓalle, da ita zai yi. Wani dattijo ya ce wannan mata ko shugaban asibiti sai haka. Ta ce masa shugaban asibiti yana ofis, ita ce a nan.

Juma'a ta zo. Lamba ta sauko talatin da tara, alamar ruwan ya fara komawa jijiya. Likita ya sa aka cire ƙarin ruwan gaba ɗaya, ya saurari ƙirjin Tela ya daɗe, ya yi masa allurar da ke sa fitsari. Sannan ya ja Mai Gwaji gefe. Tun jiya da yamma fitsarin da Tela ya yi bai cika rabin kofi ba, shi ma ja. Ruwa yana dawowa, idan ƙoda ba ta buɗe ta fitar da shi ba, a huhu zai taru. Bai so ya zura masa robar fitsari ba, don ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun yi ƙasa ƙwarai, ƙaramin rauni zai iya zama babba.

"Idan zuwa ƙarfe biyu babu komai, sai babban asibiti," ya ce.

Awa huɗu ne a mota zuwa can, kan hanyar da mai lafiya ma sai ya yi kwana biyu yana jin ta a ƙugunsa. Ta dubi yadda ƙanenta ke jan numfashi, ta san ba lallai ya kai ba.

Ta ɗauko kwalbar fitsari mai layukan awo, ta ja labulen gado, ta ba Tela, ta tsaya a kansa ta harɗe hannu. Inna tana kan kujera a gefe, Amarya a bakin gado. Sha biyu ta yi. Sha biyu da rabi. Mai Gwaji ta duba agogo, ta duba kwalba, ta duba Tela.

"Ka yi mana."

"Yaya, ina ƙoƙari."

"Ba ƙoƙari na ce ba. Yi za ka yi."

Ɗaya ta buga. Ta sa aka kawo ruwan ɗumi a roba ta tsoma hannunsa. Ta ce ya rufe ido. Ta ce ya buɗe. Ta yi masa faɗa, ta lallashe shi, ta tuna masa ita ta yi masa tsarki har ya shekara biyar, babu abin da zai ɓoye mata. Tela ya kawar da kai, gumi yana bin wuyansa. Ɗaya da rabi saura kaɗan, ta ji direban motar asibiti yana tambayar nas ko ya juyo da mota bakin ƙofa.

Amarya ce ta yi ƙarfin hali, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, don Allah kar ki ji haushi. Yana jin fitsarin tun ɗazu. Kunyarku yake ji, ke da Inna."

Mai Gwaji ta sauke hannayen da ta harɗe. Ta yi faɗa da likita, ta yi da babbar nas, ta tsallake maganar mahaifiyarta, duk don ta tsaya a kan wannan gado, yanzu kuma tsayuwar tata ce ta tare hanya. Ta dubi Tela. Mutum ne mai shekara talatin da uku, da gemu, da 'ya'ya biyu.

"Ka ga shashasha," ta ce. "Ai sai ka faɗa."

Ta kama hannun Inna ta tashe ta, tsohuwar ba ta ƙwace ba. Suka fita bayan labule suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suna kallon bangon da fentinsa ya ɓaɓɓake. Ana tura keken magani a baranda, wani yaro yana kuka a ɗakin gaba. Mai Gwaji ta dafa bango.

Sai ƙarar ta fara, siririya, tana tsayawa tana ci gaba. Sannan ta kama sosai, tana buga gindin kwalba, ta yi ta zuwa ba ta tsaya ba. Mai Gwaji ta saba jin wannan ƙara tun tana wankin kwalabe, ba ta taɓa sanin tana da daɗin ji haka ba. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma damu da wanda ke kallo ba.

Yatsun Inna suka matse wuyan hannunta.

"Babba, kin ji?"

"Na ji, Inna."

"Allah ya yi miki albarka."

Mai Gwaji ta gyaɗa kai. Can ta ja hanci, ta ɗora tabarau, ta ɗaga murya ta cikin labulen.

"Amarya, kar ki kuskura ki zubar. Sai na auna."